Rufaffun Tagogi a Collioure

"To ka buga ƙofar mana," in ji Gwaggo Ghislaine daga cikin mota. "Ko tsoro kake yi kada ta cije ka?"

"Wa zan buga wa, Gwaggo?" in ji Bastien. "Dubi tagogin."

Ta zuge gilashi ta leƙo. Gidan su Laia ke nan, mai fenti ruwan ɗorawa, a bakin wani lungu da ya gangara teku, kuma ƙyamaren katakon tagoginsa duk a rufe ruf, sama da ƙasa. A Dunkerque, garin su Bastien can arewacin ƙasar, in ka ga gida haka da tsakar rana, ɗayan biyu ne: ko masu gidan sun yi doguwar tafiya, ko an yi rasuwa. Mutanen arewa ba sa wasa da rana. In ta fito, har labule ake yayewa a tarbe ta.

"Kayya," gwaggon ta ce a hankali. "Sun tashi ke nan. Shigo, Bastien, kada zafin nan ya kayar min da kai."

Ya daɗe a tsaye kafin ya shiga. Tun hunturun bara budurwarsa Laia ta bar aikin jinyar da take yi a Dunkerque ta dawo nan garinsu Collioure. Ranar da za ta tafi ta tambaye shi ko zai biyo ta, shi kuwa ya tsaya yana kallon takalminsa har jirgin ƙasa ya tashi. Abu ɗaya ta bar masa: kada ya kira ta a waya. In yana da magana, ya kawo ta da ƙafarsa.

Shi ya sa da gwaggonsa ta ce tana son ganin tsofaffin garuruwa kafin gwiwoyinta su ƙi, ya yi wuf ya ce zai tuƙa ta. A Chartres ta ɗaga kai tana kallon shuɗin gilasan majami'a har wuyanta ya ƙage, shi kuwa tunaninsa yana wajen wata riga ta Laia mai irin wannan launin. A Sarlat ya ci agwagwa bai ji ɗanɗanonta ba. A kan ganuwar Carcassonne, mutane na ta ɗaukar hoto, shi yana jingine da dutse mai ɗumi yana maimaita abin da zai faɗa mata. Ya tsara maganar tsaf, ya goge ta kamar azurfa. Ga shi yanzu ba mai sauraro.

Suka bi hanyar da ke zagaye duwatsu, gonakin inabi a dama, teku a hagu yana walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Haka har suka isa garin Banyuls. Can suka zauna a inuwar wata rumfar shan gahawa a bakin ruwa. Garin shiru, sai kukan gyare.

"Nan ma kowa ya gudu," gwaggon ta ce tana fifita da hularta. "Annoba aka yi a kudun nan, ba a gaya mana ba?"

Bastien bai yi dariya ba. Yana kallon jiragen kamun kifi da aka ja kan tsakuwa, yana jin kewar Laia kamar yunwar da ta wuce lokacin abinci, ta koma ciwo.

Rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe. Sai suka ji ƙwas a samansu. Ƙyauren taga ya buɗe, wata tsohuwa ta leƙo tana kakkaɓe mayafin tebur. Wani ya buɗe a gefe, wani a tsallaken titi, har layin duka ya ɗauki ƙara. Ga mutum da singileti yana hamma, ga rediyo, ga ƙamshin tafarnuwa cikin man zaitun.

Gwaggo Ghislaine ta ɗaga murya. "Baiwar Allah, ashe kuna ciki?"

"Da ina za mu?" tsohuwar ta ce. "A buɗe taga da rana, zafi ya shiga ya kwana da mutum? Ku daga arewa kuke, ko? Ga hancin ɗanki nan ya nuna kamar tumatir."

Gwaggon ta yi ta dariya har da hawaye. Bastien kuwa sai tagogin gidan su Laia suka faɗo masa a rai. Ƙyamaren nan tsaga-tsaga ne. Na ciki yana ganin na waje sarai. Watakila Laia tana tsaye a duhun ɗakinta ɗazu, tana kallonsa ya zo har bakin ƙofa, ya ɗaga kai, ya juya. Karo na biyu ke nan. Abin da ya fi ci masa rai kuma, ya tuna cewa da ya ga tagogin a rufe, ƙarƙashin baƙin cikin akwai wata 'yar ajiyar zuciya.

"Kai, ɗan nan, fuskarka ta canza," gwaggon ta ce, dariyar ta tsaya. Ta dube shi sosai. "Ka sani dai, ta yiwu ta gan ka ta ƙi buɗewa. Ta yiwu ma akwai wani namijin a ciki yana yanka mata burodi. Gobe da safe kuma arewa muka nufa, aikinka ba zai jira ka ba."

"Na sani."

"Maganar da ka yi ta gunguninta tun Chartres fa? Kana zaton kurma ce ni?"

"Ta gudu, Gwaggo. Ko kalma ɗaya ban tuna ba."

"Madalla. Dama ta yi tsawo."

Ya miƙe, kujerar ta faɗi a bayansa bai waiwaya ba.

"Shanye gahawarki, Gwaggo. Collioure za mu koma. A buɗe ko a rufe, sai na buga ƙofar nan."