Talatar da Orville Ya Je

Tun da Orville ya sayar da shanunsa ya daina magana, sai ya wuni a tsohon garke yana kallon bango. Matarsa Verna ta kwashe bindigoginsa ta kai gidan ƙanenta, sannan ta shiga neman wanda zai duba shi.

Ta sha wuya kuwa. Duk gundumar mace ɗaya ce mai lasisin zama da masu ciwon damuwa, ita ma ranar Talata kawai take shigowa garin, ta ari ɗakin baya a wurin likitan haƙori. Verna ta yi lallashi har bakinta ya bushe kafin Orville ya yarda, bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Ya je. Da ya dawo har ya nemi ƙarin abinci, ya ce matar ba laifi, zai koma.

Abin da Verna ta manta, ko karen garin ya san likitan haƙori ba ya aiki ranar Talata. Ga kuma jar a-kori-kurar Orville tsaye a ƙofar da rana tsaka.

Washegari sai ga Gladys, shugabar matan coci, da kwanon taliya da kifin gwangwani, irin wanda ake kaiwa gidan makoki. Ta langaɓe kai, idonta na yawo cikin falo.

"Verna 'yar'uwa, muna ta waya da juna, kowa na sa shi a addu'a."

Addu'a wai! Gulma ce aka ɗaura wa kallabi. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunan Orville cikin marasa lafiya, duk coci aka juyo ana yi masa murmushin tausayi, kamar an ga maraƙin da ya karye.

Talata ta zagayo, Verna ta miƙa wa Orville makullin mota. Ko hannu bai ɗaga ba.

"Haƙorana lafiya lau," in ji shi, ya nufi garke.

Verna ta juye wa kaji taliyar Gladys. Ta wanke kwanon tas, don a garin ba a riƙe kwanon mutane, ta mayar wa Gladys, har da yi mata godiya, tir. A hanyar dawowa ta biya gidan ƙanenta, ta ce masa ko Orville ya zo da ƙafarsa, kada ya kuskura ya ba shi bindigogin nan.