Ƙauyen da Ba Ya Cikin Rajista

Shekara ashirin da biyu Inna Hatimi ta yi a ofishin rajista na wata ƙaramar hukuma da ke bakin iyaka. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don ba takardar haihuwa ko ta mutuwa da ke fita sai ta buga mata hatimi. Ƙauyuka sittin da uku ne a yankin, kuma ta san su kamar yunwar cikinta. Shi ya sa da ƙidayar jama'a ta zo, ita aka ɗora a kan aikin.

Ranar ƙarshe, suna dawowa ita da direba, suka tarar ruwa ya cinye gada, direba ya yanke ta cikin gonaki. Can sai ga rufin kwano, ga rijiya, ga shanya a kan igiya.

"Nan kuma wane gari ne?" in ji ta.

"Ai na ɗauka ke za ki gaya mini, Inna. Ni sitiyari kawai na sani."

Ta warware taswira a kan cinyarta. Inda suke tsaye fari ne fat, sai layin iyaka mai ɗigo-ɗigo da ya gitta ta gefe. Ta duba jerin ƙauyuka sau biyu, babu shi.

Wani tsohon maƙeri, wanda shi ne babba a wurin, ya shigar da su rumfarsa, ya kakkaɓe mata benci. Da ta tambayi wace hukuma suke bi, sai ya ɗauko gwangwani daga bayan zuga-zugi, ya zaro takardu biyu da suka yi jawur. Ta farko daga ofishin ƙetaren iyaka take, tana cewa ƙauyen ba nasu ba ne, su nemi maƙwabta. Ta biyu layi uku ce kacal, ita ma tana cewa su nemi maƙwabta. Da idon Inna ya sauka ƙasan takardar, sai ta gane rubutun. Sa hannunta ne, na shekara goma sha shida da suka wuce. Ta yi ta laluben ranar a ranta, ko alama ba ta tuna ba.

"Baba, me kuka nema a lokacin?"

"Masu rigakafi. Ƙyanda ce ta shigo mana. Yara goma sha tara muka binne cikin wata biyu, uku jikokina ne."

Direba ya sunkuyar da kai. Inna ta daɗe tana riƙe da takardar.

"Baba, ni na sa hannu a nan."

Tsohon ya dube ta, ya dubi takardar, ya sake dubanta. Ta so a ce ya zage ta, da ta fi samun sauƙi.

"To, ɗiyata," ya ce a hankali, "abin da ya wuce ya wuce. Kin zo da biro?"

Gida-gida ta bi har rana ta yi sanyi. Mutum ɗari biyar da tamanin da bakwai. Akwai magidanta masu furfura da ba su taɓa riƙe katin shaida ba, akwai wata mata da aka kora daga asibitocin ɓangarorin biyu tana naƙuda, ta haihu a cikin amalanke.

Washegari ta ajiye lissafin a teburin shugaban ƙaramar hukuma. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Kusan mutum ɗari shida? Ina suka ɓuya duk shekarun nan?"

"Ba ɓuya suka yi ba, ranka ya daɗe. Sun zo har nan, muka mayar da su."

Sakataren ƙaramar hukumar, da ke zaune a gefe, ya gyara zama, ya ce maganar iyaka ba a yi mata garaje, sai an ji daga sama. Inna ta ce iyaka ta manya ce, amma rubuta haihuwa aikinta ne, kuma ba ta buƙatar izinin kowa. Daga baya shugaba ya sa a rubuta wa masu safiyo. Bayan wata uku suka zo da na'urorinsu, suka auna, suka ce ƙauyen yana cikin ƙasarsu Inna da tazarar taku ɗari huɗu.

Inna ba ta jira sakamakon ba. A makon da ta kai lissafin ta karɓi makullin ɗakin tsofaffin fayil, ta ɗaure hanci da gyale, ta shiga zazzage kwalayen da gara ta fara ci. Kwana huɗu tana abu ɗaya. A na biyar ta fito da wasu wasiƙu biyu masu layi uku-uku, zuwa ga wasu ƙauyukan da ba ta tuna ta taɓa jin sunansu ba. Ɗaya da sa hannun wanda ta gada, ɗaya da nata.

Ta ajiye wasiƙun a kan kwali, sannan ta leƙa ta taga ta kira direba, ta ce ya duba mai da tayoyi.