Yafiyar da Baba Vasil ya roƙa

Basiratu tana ɗaga masa kai don ya sha koko, sai tsohon ya riƙe mata hannu. Baba Vasil ke nan, maƙwabcinsu a bene na biyu a unguwar Mesaimeer, can ƙasar Larabawa, mutumin Belarus, ya haura shekara casa'in. Jikarsa Alesya nas ce. Tun da korona ta tsananta take kwana a asibiti, shi ya sa ta bar wa Basiratu mabuɗi.

Ya nuna waya. Basiratu ta kira jikar, ta jingina wayar da kwalbar magani. Yana magana da yarensu, jikar tana mayarwa da Turanci.

Ya ce a yaƙin duniya na biyu, lokacin da Jamusawa ke riƙe da ƙasarsu, sun kafa runduna ta 'yan ƙasa, shi ma ya shiga yana ɗan shekara sha bakwai, aka ba shi bindiga da takalma. Wata safiya aka kai su wani ƙauye, aka tura mutane ɗakin ajiyar ciyawa, aka tsayar da shi a bakin ƙofa. Wata mata ta gane shi, ta kira sunan uwarsa.

Daga nan jikar ta daina fassara. Shi bai daina ba, har muryarsa ta dushe.

"Me ya ce?" in ji Basiratu.

"Wai ki yafe masa, Anti."

A Zangon Kumasi inda Basiratu ta girma, ba a hana mai mutuwa wannan kalmar. Ta faɗa wa uwarta, ta faɗa wa wanda ya cuce ta ma. Har bakinta ya buɗe, sai matar nan da ta kira sunan uwarsa ta faɗo mata a rai.

"Gaya masa ni bai yi mini komai ba. Ba ni zai roƙa ba."

Jikar ta ce ai babu ko mutum ɗaya da ya rage a ƙauyen, duk a ɗakin nan aka hallaka su.

Tsohon yana kallon bakinta, yana jira. Basiratu ba ta faɗa ba, ba ta kuma janye hannunta ba. Ta goge masa haɓa da bakin mayafi. Kafin la'asar ya cika.

Mutum biyu cikin fararen kayan roba suka sauka da shi. Basiratu ta tsaya a taga. Titi babu kowa, amma motar da ta ɗauke shi ta tsaya a jar danja, ta jira har ta koma kore, sannan ta wuce.