Ɗaurin Ƙirjin Mbah Darsih

Wening ce ta matsa sai an kalli fim ɗin da ta yi a kan kakarta a zauren taron ƙauye, ba kowa a wayarsa ba. Jikar 'yar rawa ce, ta je birnin Yogyakarta ta yi digiri, kuma tana so waɗanda suka ce karatun fim wasan yara ne su gani da idonsu. Da safiyar ranar kamfanin da ke nuna finafinai ta intanet ya ɗora shi. Ta ƙi buɗewa ita kaɗai, ta ce tare da kowa za ta fara gani.

Bayan la'asar aka ɗauko babbar talabijin ta gidan mai gari, aka shimfiɗa tabarmi, aka zagaya da dafaffiyar gyaɗa da soyayyen tempe na waken soya da shayi mai zaƙi. Kakarta, Mbah Darsih, tana gaba cikin manyan mata, kafaɗa da kafaɗa da Bu Marni matar mai gari.

Wannan zama bai zo mata da sauƙi ba. A ƙuruciya Mbah Darsih rawa take yi a bukukuwan girbi, in ta wuce mata su ja hannun mazajensu. Da ta bar rawa, ta yi shekaru tana wanke kwanuka a bayan rumfunan biki kafin a bar ta ta matso kusa da wuta. Yanzu ita ce mai turara shinkafar biki. Aikin nan ba a ba kowace mace shi sai wadda aka shaida tsabtarta, don kowa ya yarda shinkafar da hannu mai dauɗa ya taɓa ba ta nuna, auren da aka ci ta a cikinsa kuma ba ya ƙarko. Bikin 'yar mai gari ya matso, har an kai manyan madambatai gidan Mbah, kamar yadda aka saba, don ta wanke su ta yi azumi kafin ranar.

Fim ya fara. Ga gonakin shinkafa, ga dutsen Slamet, ga Mbah tana ba kaji tsaba. Zaure ya ɗauki shewa.

"Kai, Mbah! Ashe har kazarki ta yi suna!" in ji wani daga baya.

"Ta fi ka kyau a hoto," Mbah ta mayar masa, aka tuntsire da dariya.

Sai aka zo wurin wankan maɓuɓɓuga, wanda 'yar rawa ke yi kafin ta sa kayan rawa. Wening ta san wurin nan kamar tafin hannunta. Mbah na gangarawa cikin ruwa da ɗaurin ƙirji na zanen batik mai ruwan ƙasa, gashinta fari a sake.

Amma babu zane a talabijin. Daga wuyan Mbah har gwiwarta wani hayaƙi ne mai kalar fata, yana motsi duk inda ta motsa. Kai a sama, ƙafafu a ƙasa, tsakani kuma abin da kowa ya saba gani tun yana yaro a duk inda aka rufe tsiraici.

Gyaɗar da ke hannun Wening ta zube.

"Innalillahi," Bu Marni ta faɗa a hankali, ta rufe idon jikarta da tafin hannu.

Ba a tsaya nan ba. A wurin rawa ma hayaƙin ya bi Mbah, daga haɓa zuwa ƙugu. Ta ɗaga murya tana waƙar dashen shinkafa, makaɗan gora suna amsa mata, sai sautin ya yanke, wata ƙara mai huda kunne ta maye gurbinsa, irin wadda ake sa wa ashar. Baiti ya dawo, ya sake yankewa. Tsohuwa tana murmushi, bakinta na motsi, na'ura na ihu a madadinta.

"Akwai zane a jikinta!" Wening ta miƙe tsaye. "Wallahi akwai zane! Ni na ɗauka!"

Ba wanda ya kalle ta. Samari sun riga sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar talabijin. Mbah Darsih ta zauna ba ta motsa ba, hannayenta a kan cinya, tana kallon kanta. Bu Marni ta ɗan janye kafaɗarta.

Washegari da sassafe Wening ta kira Gilang, ma'aikacin kamfanin da ya karɓi fim ɗin a Jakarta.

"Mas Gilang, wa ya tuɓe wa kakata zane?"

"Haba, Mbak Wening, rufe ta muka yi, ba tuɓewa ba."

"Me kuka rufe? Me kuka gani?"

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ba shi ba ne, sashen tacewa ne. Ƙa'idarsu ita ce duk fatar mace da ta fito a ƙasan wuya a dusashe ta, ba ruwansu da shekaru. Ya ce ƙorafi ɗaya in ya kai ga hukuma, ana iya toshe su gaba ɗaya, ba fim ɗinta kaɗai ba.

"To waƙar fa? Waƙar dashe ce! Yara na yin ta a makaranta!"

"Yaran sashen ba sa jin yarenku, Mbak. Duk inda suka ji makaɗa sun yi dariya, sai su ɗauka batsa ce, su yanke."

"Dariya suke don ta taka wa mai ganga ƙafa!"

"To, kin ji. Abu biyu ne. Ko a bar shi haka, ko a sauke shi."

"Ka taɓa ganin kakarka a madafa, Mas?"

"Mbak, ina da taro."

Ta ajiye wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kwamfutarta ta nufi gidan mai gari, tana tafiya kai a sama, mata na leƙenta ta bayan shanya. Ta buɗe wa Bu Marni fim ɗin na asali. Ga zane nan, ruwan ƙasa, ɗaure tam a ƙirji.

Bu Marni ta sa tabarau ta duba da kyau, ta cire.

"Nduk, 'yata, ai kin iya aiki. Zanen har da inuwa."

"Bu, wannan shi ne na gaskiya! Wancan ne aka taɓa!"

"Ke da kika yi karatun haɗa hoto? Mun ga yadda kuke sa wa mutum fuskar wani." Ta tura mata kwamfutar. "In babu komai a wurin, me ya sa mutanen birni za su rufe? Su mahaukata ne? Ba a rufe abin da ke rufe."

Wening ta tsaya tana kallonta, kunnuwanta na zafi. Ta rufe kwamfutarta ta fita.

Da yamma maza biyu suka zo gidan Mbah da amalanke suka kwashe madambatan. Ba su shiga ba, ba su sha shayi ba. Ɗayansu ya ce Bu Marni ta ce Mbah ta huta, shekaru sun ja. Mbah ta taya su ɗorawa, ta ce su kula da marfin babban, yana da lanƙwasa.

"Mbah, ki yi magana mana!" Wening ta fashe bayan sun tafi. "Ki zage ni ko ki zage su! Ni na jawo miki."

"Ke kika sa hayaƙin?"

"A'a."

"To zauna ki tsince min alayyafo."

"Zan sa a sauke fim ɗin."

"Ki sauke na wayoyin samari ma?" Mbah ta karya reshe ta jefa a kwano. "Da aka ce da ni 'yar iska, Nduk, ko ƙwan lantarki babu a garin nan. Ban mutu ba. Jibi za a fara girki, zan je."

"Ba su gayyace ki ba!"

"Aikin gayyar biki ba a gayyatar mutum. Mutum zuwa yake yi."

Ta kuwa je, Wening na biye da ita, muƙamuƙi a ɗaure. A bayan gidan mai gari an kafa rumfa, murahu a jere, hayaƙin itace na cin ido. Da suka shiga, hira ta mutu. An ba wata mata daga ƙauyen gaba aikin shinkafa, tana tsaye kan madambatan da Mbah ta wanke. Mbah ta gaishe ta, ta gaida kowa da sunansa, ta wuce can ƙarshen rumfa inda 'yan mata ke ɓare albasa. Ta zauna a ƙasa ta ɗauki wuƙa.

Wening ta ji kamar ta kife tukwanen. Matar da ta ciyar da rabin auren garin nan tana ɓare albasa da sa'o'in jikarta, hawayen albasa na bin kuncinta, tana ma tambayar wata yarinya ya jikin babanta.

Rana ta take. Rumfar kwano ta zama tanda. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka fara cire riguna suna ratayewa a jikin gora, suna ɗaga zane su ɗaure a ƙirji, kamar yadda suke yi a kowane girki tun kafin a haifi Wening. Babu namiji a wurin, babu mai ko ɗaga kai. Bu Marni kanta ta cire mayafi da riga, tana juya miyar kwakwa da ɗaurin ƙirji, gumi na sheƙi a kafaɗunta.

Wening ta ajiye wuƙa. Ta ciro waya.

"Bu Marni, ɗan juyo."

Ta ɗauke ta hoto. Yatsunta sun san aikin, bai ɗauke ta komai ba. Ta shafa hayaƙi mai kalar fata daga wuya zuwa gwiwa, ta miƙa mata.

Bu Marni ta kalla. Ludayin ya sulluɓe cikin miya.

"Astagfirullah! Goge! Goge shi yanzu!" Ta rungume ƙirjinta da hannu biyu, ta duba zanenta, ta sake duba wayar. "Ina da zane! Kowa na gani ina da zane!"

"In babu komai a wurin, Bu, me ya sa za a rufe?"

Mata suka yi caa a kan wayar. Wata ta ƙwalla ƙara. Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta kama ciki tana dariya har tana tari.

"Marni! Ashe haka kike girki? Shi ya sa mai gari ba ya cin abinci a waje!"

"Ni ma yi min, Nduk, in ga yadda nake!"

"Ke? Hayaƙin ma gudu zai yi!"

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Kowace ta dubi kafaɗar ta kusa da ita, ta dubi tata, sannan idanu suka koma ƙarshen rumfa, inda Mbah Darsih ke ɓare albasa, ita kaɗai ce da riga a jikinta cikin wannan zafi.

Bu Marni ta fizge wayar ta goge hoton da kanta. Ta dubi Wening ido cikin ido.

"Ba ki da kunya. Karatu bai ƙara miki komai ba sai tsaurin ido."

"Haka ne, Bu."

Bu Marni ta tsaya tana numfashi sama-sama. Ta juya ta je wurin madambatan, ta yi wa baƙuwar magana ƙasa-ƙasa, ta karɓi muciyar shinkafa daga hannunta. Ta ratsa rumfar, mata na janye ƙafafu, ta tsaya a gaban tarin ɓawon albasa. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta miƙa muciyar kawai.

Mbah ta ƙarasa albasar da ke hannunta tukuna.

"Ban karya azumin ba," ta ce. "Na san dai za a ci shinkafa."

Ta miƙe da ƙyar, ta wanke hannu. Ta ɓalle maɓallan rigarta ɗaya bayan ɗaya, ta rataye ta a jikin gora, ta ɗaga zanen mai ruwan ƙasa ta ɗaure a ƙirji. Ta buɗe marfin babban madambaci, tururi ya taso ya rufe ta daga ƙugu har fuska.

Fim ɗin yana nan a intanet yadda suka bar shi, da hayaƙinsa da ƙararsa. Wening ba ta sauke ba, ba ta kuma daina kiran Jakarta ba, har Gilang ya daina ɗauka ta koma kiran na sama da shi. Bu Marni ba ta amsa gaisuwarta har yau. Wening na gaishe ta kullum, da ƙarfi, a gaban mutane.