Taƙin Bebe Kartaro

Duk ƙauyen nan babu macen da ta taɓa ganin tsohuwar telarsu Bebe Kartaro (Bebe, wato kaka a harshensu) ta ɗora wa mutum tef na awo a jiki. Mai kawo ɗinki za ta tsaya daga bakin ƙofa, Bebe ta dube ta daga ƙugu zuwa idon sawu, ta ce taƙi biyar da yatsa biyu, shi ke nan, a ajiye yadi a tafi. Daga baya sai ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ware babban yatsa da na tsakiya tana bi tana ƙirgawa, almakashi na bin bayan hannun.

Wurin ubanta ta gaji wannan awon. Shi kuwa, in ji ta, yana cikin telolin da suka yi wa matan fadar sarkin birnin Patiala ɗinki, inda namiji bai isa ya taɓa ko gefen gyalen mace ba, sai dai ta gifta ya auna ta da ido. Labarin nan ta ba da shi ya fi a ƙirga, kuma kaiton wadda ta yi hamma a tsakiya. A wurinta salwar na gaskiya, wato wandon matansu, shi ne mai tattara, wanda ke cin yadin mutum biyu, ya zubo daga ƙugu ninki bisa ninki har ya rufe idon sawu. Matsattsen wandon da 'yan matan birni ke tusa ƙafa ciki kuwa, cewa take hanjin akuya ne aka saka wa zariya.

Bayan an gama yankan alkama Birpal ta shigo mata da wani ƙunshi. Yarinyar marainiya ce ta wajen uwa, ta yi shekara biyar tana karatun jinya a birni, yanzu saura kwana tara bikinta. A cikin ƙunshin jan siliki ne mai nauyi, wanda uwarta ta je har birnin Amritsar ta zaɓo da ciwon ajali a jikinta. Ba ta bar wa 'yar komai ba sai shi, da magana guda: ranar aure a sa shi, kuma Bebe Kartaro ce za ta yanka.

Gwaggon yarinyar, Jagiro, ta biyo ta tana ta kame-kame. Wai ko a kai wa telan birni, tun da Bebe ba ta cika jin daɗin jikinta ba. Wai ko a ɗan gwada da tef, ga shi ma a jakarta. Bebe ta bi ta da wani kallo, ta tambaye ta wa ya yanka nata salwar na aure, da na uwarta kafin ita. Birpal ta yi dariya, ta ce ita dai abin da Inna ta faɗa shi za a yi.

Kwana shida Bebe ta yi a kan aikin. Sanyin ƙashi ya daɗe da kama mata hannu, kullum da safe sai ta tsoma yatsun a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe allura, amma ba ta taɓa sa abin a ranta ba, tun da ido garau yake. Ta yanka kamis, wato rigar, ta yanka salwar, ta jera tattara talatin da biyu a kowace ƙafa, ta bi bakin ƙafar da ƙananan ɗinki layi bakwai irin na ubanta. Ko ƙyallen da za a ɗaure gashi bai rage ba. Ranar da ta gama, shayinta ma sai da ta ƙara masa sukari don daɗi.

Birpal ta shiga ɗaki ta sa, ta fito tsakar gida.

Wandon ya tsaya can sama da idon sawu, kusan faɗin tafin hannu. Tattarar da ya kamata ta zubo ta kwanta sai ta tsaya cirko-cirko a ƙwauri. Hannun rigar bai kai wuyan hannu ba. Yarinyar ta ja zariya ƙasa, ta sake ja, har ƙugun ya sauko inda bai dace ba, duk da haka ƙafa a waje take.

Bebe ta fara faɗa. Ta ce yarinya ta ƙara tsawo, abincin birni ne. Ta ce an sa shi a karkace. Ta ce silikin ne ya tsuke. Ɓaunar da maƙwabta ke kiwo na ta kuka a bayan katanga. Jagiro ta durƙusa tana juya bakin wandon, tana magana ƙasa-ƙasa kamar da kanta take:

"Ba komai, sai a ƙara masa baki kamar yadda muka saba. Ina ragowar yadin?"

"Kamar yadda kuka saba me?" in ji Bebe.

Jagiro ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fita. Bebe ta miƙa hannu ta kama ƙafar wandon da ke jikin Jagiro, wanda ita ta yanka bara, ta juya cikinsa. Ga gwamin nan, an jona wani ƙyalle da zaren da ba nata ba, an bi shi da ado don kada a gane. Ta tashi da ƙyar ta buɗe akwatinta, ta ciro wani tsohon salwar nata, taƙi biyar cif tun ranar da aka yanka shi. Ta ɗora hannu ta ƙirga. Shida ba kaɗan ta samu. Ta sake ƙirgawa. Sai a lokacin ta dubi hannun nata da kyau, yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗuwa, taƙin ya ƙanƙance ita ba ta sani ba. Idon bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, hannun ne ya ci amanarsa.

"Tun yaushe, Jagiro?"

"Shekara uku ke nan, Bebe. Kowa sai ta sayo da ƙarin rabin yadi ta ɓoye a gida. Mun ga in aka faɗa miki za ki kwanta ne ba ki tashi ba."

Shekara uku! Matan da ke zama a gadon igiyarta suna shan shayi, suna yaba ninki, ashe suna fita sai su zare allura. Kunya ta rufe Bebe har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta so ta zage su, ta ga babu abin zagi, ƙauna ce ta sa su.

Birpal na tsaye cikin jan silikin, ba ta motsa ba. Ita ba ta ƙauyen duk waɗannan shekaru, ba wanda ya tsegunta mata. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi tsohuwar ba, gwaggonta ta duba.

"Kin sani, Gwaggo, kika bar ni na miƙa mata. Kun ji tausayinta. Ni da Inna fa?"

Jagiro ta fashe da kuka, tana cewa ai ta kawo zancen tef, ai ta kawo zancen telan birni. Ta yi alkawarin gobe da sassafe za ta bi kantunan Patiala ɗaya bayan ɗaya. Ta kuwa je, ta dawo da ja kala huɗu, aka kara su da silikin a rana, kowanne ya fito bare. Yadin da aka saya shekara shida baya, wa zai ajiye maka irinsa?

Bebe ta roƙa a bar mata shi kwana ɗaya, ta warware tattarar ko za a sami abin jonawa. Tattara faɗi take ci, ba tsawo ba, ita ma ta san haka kafin ta zare zaren farko. Ta warware ɗin duk da haka, ta juya ƙyallayen ta kowace fuska, ta mayar da su yadda suke.

Ranar biki Birpal ta sa wani salwar ruwan hoda da aka sayo ɗinkakke a kanti. Bebe ba ta je gurdwara, ɗakin ibadarsu, wurin ɗaurin auren ba, ta ce ƙafa ce. Da rana Jagiro ta kawo mata alewar biki a faranti, ta zauna a gefen gado tana ba ta labarin mutanen ango da yawan motocinsu. Bebe ta bari har ta gama, sannan ta tambaya ko yarinyar ta tafi da silikin gidan mijinta.

Jagiro ta ce a'a. Ta ce da asuba, kafin a fara yi mata kwalliya, Birpal ta ninke shi ta mayar cikin akwatin uwarta, ta kulle, ta ba ubanta makullin ta ce kada a sake buɗewa.