Duniyar Masu Baƙin Takalmi

Tun da sojoji suka sako ƙanena Heber, tambaya ɗaya Mama take yi masa: ina Atilio? Tare aka kwashe su daga gidanmu na unguwar Cerro, shi da Atilio, autanmu. Bayan shekaru shi kaɗai ya dawo, rabin haƙoransa babu. Da ta tambaya sai ya shige banɗaki ya buɗe famfo. Ta yi kuka, ta yi zagi, ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, duk a banza.

Abin da ya sa a gaba shi ne rubuta labaran 'yan sama jannati, yana sayar wa wata 'yar mujalla a nan Montevideo. Ni kam haushi suke ba ni. Ƙato da furfura, ana tambayarsa ɗan'uwansa ya yi gum, amma a kan taurari ba ya gajiya.

Wata Lahadi ana ruwa, Mama ta soya wainar fulawa kamar yadda kowa ke yi a nan ranar ruwa, muna zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo ɗaya, muna zuƙa bi da bi. Ta turo min mujallar.

"Zulma, karanta mana shirmen ƙanenki. Idona ya tafi."

"Tsohuwa, ba irin naki ba ne," in ji Heber. "Babu soyayya a ciki."

"Kai ka san soyayya? Da ka sani da yanzu ina goyon jika. Karanta, ke."

Labarin wasu matafiya ne da jirginsu ya faɗi a wata duniya. Halittun wurin suka kama su, suka kifa wa kowa buhu a ka, wai ranarsu tana makantar da baƙi. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, sai baƙin takalminsu mai sheƙi ta ƙasan buhu. An hana magana. Sai matafiyan suka koyi gane juna da tari: kowace safiya kowa ya yi sau ɗaya, a san yana da rai.

"Dodanni da takalmi har da goge shi," na ce, ina dariya. Ba wanda ya taya ni. Ƙoƙon ya tsaya a hannun Mama, ita da kullum take yi wa mai riƙe shi tsiya wai ko waƙa zai yi da shi.

Na ci gaba. Akwai ƙaraminsu, mai asma, tarinsa da ɗan fito a ƙarshe. A nan na gane, don da wannan fiton aka haifi Atilio. Wata safiya kowa ya yi nasa tarin, fiton bai zo ba. Matuƙin jirgin ya sake tari, aka doke shi. Ya sake, aka sake dukansa. Sannan ya ga takalma sun wuce suna jan ƙafafu biyu a ƙasa, ɗaya babu safa.

"Ci gaba," in ji Mama.

"Nan ya ƙare," na ce.

Kunya ta kama ni ta dariyar da na yi. Heber yana kallon taga. Mama ba ta ambaci sunan kowa ba, ta yi magana a hankali kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

"Wannan yaron na labarin, ya daɗe yana shan wahala?"

"Bai daɗe ba," in ji Heber.

"Shi kaɗai yake?"

"Matuƙin yana gefensa. Kafaɗarsu tana taɓa juna."

"Ya kira wani?"

"An hana magana, Mama."

"An binne shi?"

Heber ya juyo daga taga.

"Matuƙin bai gani ba. Akwai buhu a kansa."

Mama ta gyaɗa kai. Ta zubar da ganyen da ya huce, ta sa sabo, ta zuba ruwan zafi, ta miƙa wa Heber duk da ba layinsa ba ne. Ta riƙe masa har ya shanye.

"Zulma, gobe ki raka ni coci," ta ce. "Ki faɗa wa Fada yanzu na yarda ya karanta sunan autana a cikin matattu."