Harafin Rhona

Elspeth Kinnear ce ke sassaƙa samfurin katako a maƙerar gidansu da ke bakin garin Falkirk, inda ake yi wa tsofaffin gidaje indararo da bututun ruwan sama na baƙin ƙarfe. Ita ta sassaƙa, ƙanenta Struan ya danna a yashi, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin.

Wata Litinin Struan ya shigo ɗakin aikinta yana sosa ƙeya.

"Yaya, an kawo aiki, amma zauna tukuna."

"Faɗi mana, ba suma zan yi ba."

Mai aikin Murdo ne, tsohon mijinta. Ya sayi gidan dutsen nan na kan tudu, wanda su biyu suka sha tsayawa a bakin shingensa suna cewa wata rana zai zama nasu. Hukuma ba ta yarda a sa wa irin wannan tsohon gida indararon roba, sai ƙarfe irin na da. Kawunan indararo yake so, akwatunan da ke karɓar ruwan rufi, kuma a gaban kowanne a fito da harafin farko na sunansa da na amaryarsa Rhona.

"Duk ƙasar nan maƙerarmu kaɗai ya gani?" in ji Elspeth.

"Ya ce babu hannu irin naki."

"Sai yanzu ya sani?"

Ta karɓi aikin, don kada a ce ta ji ciwo. Harafin Murdo bai ba ta wahala ba, ya fito da faɗinsa kamar mai shi. Da ta zo kan na Rhona sai ta tsaya tana tunani. Ƙarfen nan zai fi su duka daɗewa. Za a mutu a bar shi a jikin bango, duk mai wucewa ya ɗaga kai ya ga sunan wata a inda ta yi mafarkin nata. Ta dinga goge katakon da magagari, tana ragewa, har harafin ya zama siriri, ya karkace kamar zai faɗi.

Struan ya leƙo, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya, wannan harafi yunwa yake ji? Ki ji tsoron Allah."

"Je ka kula da wutarka."

Ran Juma'a Murdo ya zo duba samfurin, Rhona na biye da shi. Elspeth ta so ta tarar da mai girman kai. Sai ga 'yar gajeruwar mace mai fara'a, da gwangwanin biskit ɗin da ta gasa da kanta. Murdo ya kalli katakon, ya kalli Elspeth, fuskarsa ta yi ja. Ya san ta, ya gane.

Rhona kuwa ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Murdo, dubi nawa! Kamar yana rawa ya jingina da naka. Elspeth, yaya aka yi kika yi wannan tunani? Don Allah kada a taɓa shi."

"Zan iya ƙara masa kauri," in ji Elspeth.

"A'a wallahi, haka nake so."

Haka aka zuba su, aka yi musu baƙin fenti, aka shafa wa haruffan ruwan zinariya. Maƙwabtan Rhona suka gani suka yaba, har biyu daga cikinsu suka aiko a yi musu siririn harafi irin nata.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi bayan an ɗaura su, Elspeth ta bi ta kan tudun, ko da yake ba hanyarta ba ce. Ta tsayar da mota a nesa. Ruwa na gangarowa ta bututun sumul, babu inda ke yoyo, ko ɗigo ɗaya bai taɓa bangon ba. Rhona ta hango ta ta taga, ta ɗaga butar shayi tana yafuto ta. Elspeth ta yi kamar tana neman wani abu a jaka, sannan ta tayar da mota.